Cybertruck: A-kori-kurar da Ba Ta Shan Mai

 

A makon nan saƙonni biyu ne suka tsayar da ni. Na farko daga wani matashi a yankin Jibiya, ya turo mini bidiyon wata mota mai ƙyalli kamar sabon kwanon silba, ko'ina kusurwa, ya ce wai mota ce ta gaske ko kuwa aikin kwamfuta ne. Na biyu daga wani dattijo direba da ke jigila tsakanin Maraɗi da Dakoro. Shi tambayarsa ta fi nauyi: an ce masa ba ta shan mai, to za ta iya aikin Hilux ɗinsa? Baba, tambayarka ce za ta cinye mana rabin shirin, sai ka gyara zama.

Mota ce ta gaske. Sunanta Cybertruck, ƙirar kamfanin Tesla na Amurka wanda Elon Musk ke shugabanta, kuma da batir take tafiya. An fara nuna ta ranar 21 ga Nuwamba 2019 a kusa da birnin Los Anjalas. A wannan dare ne aka yi abin da har yau ake dariyarsa. Babban mai zanen motocin kamfanin, Franz von Holzhausen, ya ɗauki guduma ya maka wa ƙofar, ko gezau ba ta yi ba. Sai ya ɗauki ƙwallon ƙarfe ya jefi gilashin da aka ce ba ya fashewa, gilashi ya tsattsage a gaban duniya. Ya sake jifan na baya, shi ma haka. Musk ya ƙarasa jawabinsa da tagogi biyu fasassu a bayansa.

A ranar an yi alkawarin mafi arha za ta zo a dalar Amurka 39,900, babbar kuma za ta yi sama da kilomita 800 da caji ɗaya, a fara ƙera ta a ƙarshen 2021. Ba a miƙa wa masu saye na farko makullansu ba sai 30 ga Nuwamba 2023, a masana'antar kamfanin da ke Ostin ta jihar Tekzas. Farashin da aka bayyana a ranar: mai injin lantarki biyu dala 79,990, mai uku da ake kira Cyberbeast dala 99,990. Wato mai injin biyun ma ta kai wajen miliyan 45 na sefa ko fiye, gwargwadon canjin ranar, tun ba a yi maganar kuɗin jirgin ruwa da na duwan ba. Kilomita 800 ɗin nan kuwa ta dawo kusan 515 a babbar, mai injin biyun kuma kusan 550.

To me ya sa aka yi ta kamar an yanke ta da almakashi? Mutane da yawa na ɗauka gayu ne kawai. Akwai gayun, domin Musk da bakinsa ya ce finafinan da ke hasashen duniyar gobe, irin su Blade Runner, sun shiga cikin tunaninsa. Amma babban dalilin shi ne ƙarfen. Motocin da muka sani, ana ɗauko falle na ƙarfe mai laushi, siriri, a sa shi cikin wata ƙatuwar na'ura ta danne shi ya ɗauki siffar da ake so, a lanƙwasa nan, a kumbura can, daga baya a yi fenti don kada ya yi tsatsa. Ita Cybertruck da ƙarfe marar tsatsa aka lulluɓe ta, dangin wanda ake cokula da kwanoni da shi, sai dai an murza shi ya yi tauri ƙwarai. Irin wannan ƙarfe gardama gare shi. In ka danne shi sai ya nemi komawa yadda yake, kuma yana cinye bakin na'urar. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yanka shi a miƙe, a karya shi a kan layi, kamar yadda mai walda ke karya falle in zai yi akwatin ƙarfe. Shi ya sa kuka gan ta haka. Ƙarfen ne ya zaɓi siffar, masu zane suka bi shi.

Da farko an ce wannan fatar ce za ta ɗauki nauyin motar gaba ɗaya, kamar ƙoƙon kunkuru. Da aka zo ƙerawa sai magana ta sauya. A ciki akwai manyan gaɓoɓin alminiyam da aka zuba a gaba da baya, da akwatin batir a ƙasa, su ne ƙashin bayan. Kaurin fallen ma da aka ce milimita 3 ne, ya dawo ƙasa da 2.

Rashin fenti na da daɗinsa: ƙaya ba za ta kankare miki launi ba, rana ba za ta koɗar da ke ba. Amma ku tambayi duk mai gyaran jikin mota, zai gaya muku fenti shi ne rufin asirin sana'arsa. In mota ta loɓa, ya buga, ya cike da foti, ya goge, ya fesa fenti, shi ke nan kamar ba a yi ba. A nan babu abin da za a ɓoye a ƙarƙashinsa. Ta loɓa, ko dai a canza fallen sukutum, ko a zauna da tabon. Ga shatin yatsu da ke fitowa a ƙofa kamar a jikin firij. Wasu masu ita ma sun koka da ɗigo-ɗigon tsatsa a farkon 2024, kamfanin ya ce ƙurar baƙin ƙarfe ce ke manne mata daga waje, ana gogewa.

Abu ɗaya nake so in ja kunne a kai, saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Ana yawo da cewa harsashi ba ya huda ta. Abin da Tesla ya nuna shi ne ƙofar na tare harsashin ƙananan bindigogi. Masu gwaji sun nuna na manyan bindigogi masu tsananin gudu yana ratsa ta, gilashin kuwa ba na sulke ba ne ko kaɗan. Kada wani ya ji a bidiyo ya ɗauka tankar yaƙi ce.

Yanzu mu zo kan iska, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa da na zauna karatun motar nan.

Duk wanda ya taɓa ɗauko katifa ko fallen kwanon rufi a bayan kabu-kabu ya san iska ba wasa ba ce. A tsaye ba ka jin ta, da an fara gudu sai ta zama bango. Kuma ba a hankali take ƙaruwa ba. In ka ninka gudunka, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Daga kilomita 60 a awa zuwa 120, sau huɗu ke nan. Ko daga 100 zuwa 120, da direba ke gani kamar ɗan ƙari ne, turjiyar ta ƙaru da kashi 44 cikin 100. Sannan iska ba ruwanta da abin da allon gudu ya nuna. In kana 100 ka fuskanci iskar hunturu mai gudun 20, kamar mai barin Damagaram ya nufi Agadas a watan Janairu, motarka ji take kamar tana 120.

Injiniyoyi na da maki da suke ba kowace siffa, suna rubuta shi Cd. Ƙanƙantarsa ita ce kyansa. A-kori-kura ta gargajiya yawanci tana sama da 0.40. Cybertruck, a faɗar Tesla, tana 0.34. Musk ya taɓa cewa in aka matsa za a iya kai wa 0.30, ba a kai ba. Abokiyar gasarta, Rivian R1T, mai siffar mota irin wadda ido ya saba da ita, kamfaninta na cewa tana 0.30. Ƙaramar motar Tesla ɗin kanta, Model 3, tana wajen 0.23.

Za ku ce ta yaya abu mai kusurwa haka ya fi a-kori-kurar da aka goge wa kafaɗu? Amsar na baya, ba gaba ba. Ku dubi tarwaɗa: kai faffaɗa, jiki na sirancewa har wutsiya. Ruwa in ya rabu a kanta sai ya bi jikin a hankali ya sake haɗewa a baya ba tare da hargitsi ba. Iska ma haka take so. Abin da ta fi ƙi shi ne a yanke mata hanya farat ɗaya. Kun lura da gilashin bayan Hiace in ta bi hanyar jar ƙasa? Gaba fes, baya kuwa har yara na rubuta suna a kai. Dalili shi ne motar ta ƙare a tsaye kamar bango, iska ta kasa rufe gurbin, sai ta riƙa juyawa a wurin tana tsotso ƙura. Wannan gurbin yana tsotsar motar ita kanta zuwa baya, injin na ja gaba, shi yana ja baya.

A a-kori-kura ta gargajiya sau biyu ake yin wannan yankewar: a bayan kan direba, sannan a bayan bodi. Ita Cybertruck sai aka ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga tsinin rufi har ƙofar baya, aka sa wani murfi mai naɗewa da lantarki ya rufe bodin. In murfin na rufe, iska na gangarowa kamar a bayan tarwaɗar nan. Cikinta ta ƙasa shafe yake saboda batir, babu bututun hayaƙi da sauran tarkacen da iska ke sarƙewa a ciki. In ta ɗauki gudu tana sunkuyawa da kanta, don a kan jakunkunan iska take zaune. Hatta abin share gilashi, guda ɗaya ne tak mai tsawon fiye da mita, kuma a tsaye yake hutawa a gefen gilashin don kada ya tare iska. Madubin gefe ma Musk ya so a cire, dokar Amurka ce ta hana.

Inda take asara kuwa shi ne a kusurwoyin. Iska ba ta iya shan kwana mai kaifi, in ta zo baki sai ta ɓalle ta yi guguwa. Da an ɗan lanƙwasa gefunan gaba da tsinin rufin, da makin ya sauka. Ƙarfen ne bai yarda ba. Kuma kada maki ya ruɗe mu, domin siffa kawai yake aunawa, ba girma ba. Sai an haɗa shi da faɗin ƙirjin motar. Wannan kuwa faɗinta ya kai mita 2, tsawonta mita 5.7, don haka iskar da take turewa ta fi ta Model 3 nesa ba kusa ba.

Me ya sa masu motar lantarki ke damuwa da iska haka, alhali direbobinmu ko a jikinsu? Ga lissafin. Batirin Cybertruck na ɗaukar kimanin kilowat-awa 123, abin da masu mita ke kira yunit. Litar fetur ɗaya na ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9. Ke nan duk wannan batirin, mai ɗaruruwan kilo, ƙarfin da ke cikinsa bai wuce na lita 14 ba, jarka ɗaya ma ba ta cika ba. Abin da ya cece ta shi ne injin lantarki ba ya ɓarna: kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya sha yana zama tafiya, shi kuwa injin mai kashi biyu cikin uku ko fiye zafi ne da hayaƙi. Amma mai guzuri kaɗan dole ya iya tattali. Tankin Hilux lita 80 ne na gazuwal, in iska ta ci wani abu ba a ji sosai. A nan kuwa duk abin da iska ta ci, daga tuwon gobe ta ɗiba. Shi ya sa masu gwaji a Amurka da suka riƙe ta a gudun 110 zuwa 120 suka samu wajen kilomita 400 maimakon 550. In kuma ta ja tirela mai nauyi, tafiyar kan ragu da rabi ko fiye.

To Baba, ga amsarka. A takarda motar ba raguwa ba ce. Tana ɗaukar kilo 1,134, tana jan kusan tan 5. Bodinta mita 1.8 ne a tsawo, 1.2 a faɗi. Tana iya ɗaga cikinta sama da santimita 40 daga ƙasa. Tayoyin baya ma suna ɗan juyawa, don haka duk tsawonta tana kwana a ƙaramin fili. Cyberbeast na tashi daga tsaye zuwa kusan kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 3, abin da ni dai ban san amfaninsa ga mai ɗaukar gero ba.

Amma kilo 1,134 ɗin har da kai da yaran mota da fasinja. In buhu mai kilo 100 ne, tara ko goma ka tsaya. Sannan yadda muke lodi ba haka masu zanen suka yi tunani ba. Mu sama muke ginawa: buhu kan buhu, a ɗaure da igiya, a ɗora jarkoki a gefe, awaki a tsakiya, mutane a bisa. Ni kaina ina ɗalibi na sha hawa irin wannan lodin ranar kasuwa, ƙafa na lilo a waje, hannu ɗaya riƙe da igiya ɗaya riƙe da hula. Da zarar kaya sun wuce layin rufin nan, murfi ba zai rufu ba, 0.34 ta tafi, an koma katifa a bayan kabu-kabu. Gefunan bodin kuma a gangare suke, sun yi tsawo ta wajen kan motar, ba ka iya tsayawa a gefe ka miƙa hannu ka ɗauko kaya. Ba ta zuwa da safaya, in ka saya, a cikin bodin za ta kwanta ta cinye wurin buhu. In ka rufe murfin kuwa gilashin baya ya toshe, sai dai ka dubi kyamara a allo.

Ga nauyi. Ita kaɗai ba kaya tan 3 ce, Hilux kuwa tan 2 da ɗan wani abu. A kan kwalta ba matsala. A rairayi, nauyi shi ne abokin gaba, kuma ranar da ta kafe ba samari huɗu ne za su tura ta ba. Musk ya taɓa cewa za ta iya zama kwale-kwale na ɗan lokaci. Abin da ta zo da shi shi ne shiga ruwan da bai kai mita ɗaya ba. Don Allah kada a gwada a Gulbin Maraɗi cikin Agusta.

Sitiyarinta ma ba a haɗe yake da tayoyi da sandar ƙarfe ba. Waya ce ke kai saƙo, ƙananan injina su juya tayar. Masu tuƙa ta na yabon sauƙinsa, ba sai ka yi ta murzawa ba. Sai dai ina tunanin bakanikenmu na bakin tasha, wanda da kunne yake gane ciwon inji. Wannan motar ba ta da sautin da zai saurara, sai kwamfutar kamfani, kuma mafi yawan kayan gyaranta daga Amurka za su taso.

Babbar magana ita ce wuta, kuran kamar yadda muke cewa a nan, ko nefa a bakin ƴan'uwanmu na kudu. A Amurka akwai tashoshin cajin gaggawa a bakin manyan hanyoyi, minti 15 ka samu tafiyar kusan kilomita 200. Da na'urar caji ta musamman a gida, dare ɗaya ta cika. Da soket irin na ɗakunanmu kuwa, na buga lissafi: kusan awa 60, kwana biyu da rabi ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya. Wa zai yi mana wannan alkawarin? Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, ba za ta kai ba. Maraɗi zuwa Damagaram, wajen 240, za ta je, dawowar ce sai an kwana ana caji. Direban Land Cruiser da zai shiga Tenere ganga yake ɗaurawa a baya. Ba a ɗura wuta a ganga. Tesla ya yi alkawarin wani ƙarin batir da za a ajiye a bodi, a 2025 ya fasa.

Wani zai ce ai Allah ya hore mana rana. Gaskiya ne, kuma a nan ne zuciyata ke ɗan karkata. Faifan sola mai wat 500 na ba da wajen yunit 2 da rabi a yini a irin ranarmu. Cika batirin a yini ɗaya na son faifai kusan 50. Ga mutum ɗaya da yawa ne. Ga ƙungiyar direbobi ko babban ɗan kasuwa mai rumfa a tasha, ba abin da ya gagara ba ne.

Kuma akwai wani abu da motar ke yi wanda na ga ya fi gudunta da ƙyallinta amfani. Tana ba da wuta. A cikin bodinta akwai soket da za a iya jona injin walda ko famfon ban-ruwa, kuma da kayan haɗi na musamman tana riƙe gida guda in an ɗauke wuta. Gidan da ke da firij da fanka uku da talabijin da ƙwayaye, in yana shan yunit 6 a yini, batirin nan zai riƙe shi kusan mako uku. Ku kwatanta wannan da ƙaramin asibitin karkara mai firjin allurar rigakafi. Wannan dabarar ba sai da jikin silba ba, Ford ma ya yi ta a F-150 Lightning.

A ƙasar da aka yi ta domin ta ma ba ta sha da daɗi ba. A Afrilun 2024 an janye kusan 3,900 saboda murfin totur na zamewa ya maƙale. A Maris na 2025 aka janye sama da 46,000, kusan duk waɗanda aka sayar, saboda wani dogon falle a gefen rufi da aka manna da gam yana ɓallewa a kan hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ba ta tauraro biyar wajen kare na ciki. Na waje fa? Nan ne Turai ta tsaya. Dokokinsu na son gaban mota ya zama mai laushi, marar kaifi, saboda mai tafiya a ƙasa, don haka ba a sayar da ita a Tarayyar Turai, kuma a Janairun 2025 ƴan sandan yankin Mancesta a Ingila sun kama wata da aka shigo da ita. Ni wannan ya fi damuna fiye da batun caji. Hanyoyinmu cike suke da ƴan talla da almajirai da amalanke da masu babur ba hular kwano. Tan 3 mai baki kamar gatari, mai tashi kamar harsashi, kuma ba ta da ƙarar da za ta gargaɗi kowa sosai, ba abin da zan so in gani a kasuwar Ɗan Isa ranar cinkoso ba ne.

Musk ya yi hasashen ƙera 250,000 a shekara. A 2024 abin da aka sayar bai kai 40,000 ba, a 2025 kuma ya ƙara faɗuwa. Tun a Oktoban 2023 shi da kansa ya gaya wa masu hannun jari cewa da wannan motar sun haƙa wa kansu kabari, saboda wuyar ƙera ta. Yanzu an fara kai ta ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya da Daular Larabawa, don haka alhazanmu da ƴan kasuwar Dubai za su riga mu ganin ta ido da ido, kuma na san ba za a daɗe ba wani mai kuɗi zai sauke ta a Kwatano don a gan shi.

Saboda haka Baba, riƙe Hilux ɗinka. Amma ga abin da za ka ɗauka kyauta daga injiniyoyin Tekzas: in ka yi lodi, ka sa dogon kaya a gaba kusa da kai, gajere a baya, ka ja tamfol ka ɗaure shi tamau kada ya riƙa kaɗawa, kuma in ba kaya ka bar ƙofar bodi a rufe, don buɗe ta ba ya rage shan mai kamar yadda ake faɗa a tasha. In ka sauko daga 110 zuwa 90, turjiyar iska ta ragu da kashi ɗaya cikin uku. Gwada na wata guda, ka riƙa rubuta litar da kake sha, ka aiko mana mu karanta wa jama'a.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba babura da keke-napep masu batir da suka fara shigowa garuruwanmu, da abin da masu su ke cewa game da zafin watan Afrilu. Kafin nan, a huta lafiya.